Litiyam Da Motocin Lantarki: Wa Zai Cike Ramukan?

Duk mai bibiyar al'amuran yau da kullum ya san cewa a 'yan shekarun nan babu ma'adinin da sunansa ya cika kunnen duniya kamar litiyam. Shugabannin manyan ƙasashe suna maganarsa, kamfanonin ƙera motoci suna rububinsa, a nan gida kuma gwamnoni da ministoci sun mayar da shi abin buɗe jawabi a duk taron masu zuba jari, har wasu suna yi masa kirari da sabon man fetur. Dalilin wannan rububi bai wuce batirin motar lantarki ba, wato motar da ake sa ran za ta maye gurbin mai shan fetur domin a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Abin da nake son mu duba a wannan fili shi ne irin hasarar da muhalli ke yi kafin a samar da wannan mota da ake kira mai tsabta, da kuma wanda hasarar take faɗawa a kansa, musamman ganin cewa wani ɓangare na dutsen da ake nema yana kwance ne a ƙarƙashin gonakin jihohin Nasarawa da Kaduna da Neja da Kwara da Kogi.

Bari mu fara da girman bukatar. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da batirin litiyam kasuwa a shekarar 1991, kuma na tsawon lokaci aikinsa bai wuce na wayar hannu da kwamfuta da kyamara ba. Shigowar mota cikin lamarin ita ce ta sauya lissafi, domin batirin waya 'yan giram kaɗan na litiyam yake ɗauka, amma na mota guda yana cin kimanin kilo 8. Alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya sun nuna cewa an sayar da motocin lantarki kusan miliyan 14 a 2023, adadin ya haura miliyan 17 a 2024, wato mota ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar a duniya, kuma fiye da miliyan 11 daga ciki a ƙasar Sin aka sayar da su. A wannan shekarar ta 2024, hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa an haƙo litiyam kimanin tan 240,000, kuma kusan kashi 87 cikin 100 ya tafi ne wajen yin batura. A shekarar ta 2024 Ostireliya ce ta kasance kan gaba wajen haƙowa, sai Chile, sai Sin, sannan Zimbabuwe da Ajantina. Amma wajen tacewa, inda ainihin ribar take, Sin ita kaɗai tana riƙe da wajen kashi biyu cikin uku na aikin duniya baki ɗaya.

Kafin in shiga maganar ɓarna, adalci ya sa dole in faɗi abin da ke gaskiya game da motar kanta, domin akwai masu cewa duk maganar yaudara ce ta Turawa. Masana sun yi lissafin hayaƙin mota tun daga haƙo ma'adinanta, zuwa ƙera ta, zuwa tuƙa ta har ta mutu. Abin da suka samu shi ne, ranar da motar lantarki ta fito daga masana'anta ta fi ta fetur bashin hayaƙi saboda batirinta, amma bayan 'yan shekaru a kan hanya sai ta biya bashin ta wuce. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce matsakaiciyar motar lantarki da aka sayar a 2023 za ta fitar da kimanin rabin hayaƙin takwararta ta fetur a tsawon rayuwarta. Ribar takan ragu a ƙasashen da ke ƙona kwal don samar da wuta, kamar Indiya, amma ba ta ɓacewa. Akwai kuma wani bambanci: litar fetur da aka ƙona ta tafi ke nan har abada, shi kuwa litiyam ɗin da ke cikin tsohon batir ana iya ciro shi a sake amfani da shi.

Mu 'yan Arewa ba mu da dalilin yi wa wannan yunƙuri dariya. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, amma mu ne muka ga Tafkin Chadi ya tsuke daga girman da yake da shi a shekarun 1960, mu ne hamada ke cinye wa gonaki a Yobe da Jigawa da Sakkwato, mu ne ambaliyar 2022 ta kashe wa mutane fiye da 600 a faɗin ƙasa, ruwa ya kuma shanye Maiduguri a watan Satumban 2024. Duk abin da zai rage zafin duniya, manominmu da makiyayinmu suna da riba a ciki. Matsalar ita ce, amfanin motar lantarki yana bazuwa ne ga duniya duka, ita kuwa ɓarnar haƙo litiyam tana taruwa ne a kan ƙauye guda, da rijiya guda, da rafi guda.

Hanyoyi biyu ake bi wajen samun litiyam, kuma kowace da irin tata illar. Ta farko ita ce ta ruwan gishiri, wadda ake yi a tsaunukan Kudancin Amurka inda Chile da Ajantina da Bolibiya suka haɗa iyaka, yankin da ke ɗauke da kusan rabin litiyam ɗin da aka gano a duniya. A hamadar Atakama ta Chile, ɗaya daga cikin wurare mafi ƙarancin ruwan sama a doron ƙasa, kamfanonin SQM da Albemarle suna zuƙo ruwan gishiri daga ƙarƙashin ƙasa su zuba shi a manyan tafkuna, su bar rana ta ƙafar da shi na tsawon shekara guda zuwa shekara da rabi. Wanda ya san yadda mutanen Bilma ke yin gishiri zai gane dabarar, sai dai a nan tafkunan suna da faɗin kilomitoci. Mafi yawan ruwan da aka zuƙo yana bin iska ne, ba ya komawa inda ya fito. Kamfanonin suna cewa ruwan gishiri ne da ba a sha ba a noma da shi. 'Yan asalin yankin kuma suna cewa idan aka janye na ƙasa, ruwan daɗin da ke gefensa sai ya bi shi, maɓuɓɓugarsu ta ja baya. A 2024 wani binciken Jami'ar Chile ya nuna cewa wani sashen filin gishirin yana nitsewa da santimita 1 zuwa 2 a kowace shekara.

Hanya ta biyu ita ce ta fasa dutse, kamar yadda ake yi a Ostireliya da Sin da Zimbabuwe, kuma irinta ce ta shafe mu. Dutsen da ake haƙowa, wanda masana ke kira sufodumin, yawanci sinadarin da ake nema a cikinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Sai an niƙa shi an wanke da ruwa mai yawa kafin a samu gari mai kashi 6. Daga nan a gasa garin a wuta mai zafin da ya haura digiri 1,000, a jiƙa shi da asid irin wanda muke kira ruwan batir, sannan a fitar da farin gishirin da masu yin batir ke saye. Ana bukatar wajen tan 8 na garin kafin a samu tan 1 na gishirin. Idan mai karatu ya yi lissafi, zai ga cewa batirin mota guda ba zai gaza cin tan guda na dutse ba, ban da ƙasar da aka yaye kafin a kai ga dutsen. Duk abin da ya rage, dagwalo ne da tsakuwa da ƙura da za su zauna a inda aka haƙa. Hayaƙin da wannan hanya ke fitarwa kuma ya kai kusan ninki uku na hanyar ruwan gishiri. Ko a Sin ɗin kanta, a yankin Yichun da ake yi wa laƙabi da babban birnin litiyam, sai da hukumomi suka dakatar da wasu masana'antu a ƙarshen 2022 saboda gurɓatar kogi, suka kuma kai samame kan masu haƙar ɓoye a farkon 2023.

Abin lura a nan shi ne yadda al'ummomin da ke da baki suke ƙin yarda a yi ramin a ƙofar gidansu. A ƙasar Sabiya, kamfanin Rio Tinto ya gano ɗimbin litiyam a kwarin Jadar, amma manoma da mutanen birni suka tare manyan hanyoyi har gwamnati ta soke izinin a watan Janairun 2022, kuma da aka maido da shi a 2024 sai zanga-zangar ta dawo sabuwa. A jihar Nebada ta Amurka, 'yan asalin ƙasar da masu kare muhalli sun yi shekaru suna shari'a kan mahaƙar Thacker Pass kafin a fara gininta a 2023. Duk lokacin da irin wannan turjiya ta jinkirta aiki a can, mai saye yakan juya ne ya nemi inda doka ke da rauni, ƙwadago ke da araha, kuma talauci ya hana mutane tambaya. Ta wannan ƙofa ce dillalan litiyam suka shigo Afirka da ƙarfinsu.

A Nijeriya, gwamnati ta ɗauki matsayin da ya dace a baki. Tun a 2022 ministan ma'adinai na lokacin, Olamilekan Adegbite, ya bayyana cewa ya ƙi amincewa da tayin kamfanin Tesla na sayen ɗanyen litiyam, ya ce sai dai a zo a sarrafa shi a nan. Wanda ya gaje shi, Dele Alake, ya ci gaba da cewa ba za a ba da lasisi ga wanda bai zo da shirin sarrafawa a cikin gida ba, kuma a watan Maris na 2024 ya ƙaddamar da dakaru na musamman sama da 2,000 daga rundunar tsaron farin kaya domin yaƙi da haƙar da ba ta bisa ƙa'ida. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar kamfanin Avatar a jihar Nasarawa, wadda aka ce tana iya sarrafa tan 4,000 na dutse a rana, bayan an aza harsashin wata a Endo a watan Oktoban 2023. Waɗannan duk matakai ne da ba za a raina ba.

Sai dai abin da ke faruwa a bakin rami daban yake da abin da ake faɗi a ɗakin taro. A watan Disamban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa binciken da ya yi a Pasali ta jihar Nasarawa, inda wakilansa suka tarar da yara ƙanana, wasu ba su kai shekara goma ba, suna fasa dutse suna tsince shi a ramukan da ba su da lasisi, ba makaranta, ba abin rufe hanci, sannan buhunan suna bin hannun dillalai har su isa ga kamfanonin da ke fitarwa waje ba tare da an tambayi daga ina suka fito ba. Gaskiya ne dutsen litiyam ba guba ba ne irin dalma. Amma ƙurar dutsen da ake fasawa tana daskarar da huhu sannu a hankali, cutar da ba ta da magani idan ta kama mutum. Ramin da ba a tokare ba yana ruftawa da damina. Nakiyar da ake ajiyewa a cikin gari tana tashi, kamar yadda ta faru a unguwar Bodija ta Ibadan a watan Janairun 2024. Ruwan wankin dutse kuma yana gangarawa rafin da mata ke ɗiba, shanu ke sha. Gonar da aka yaye fatarta ba ta sake ba da dawa. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne, mun taɓa bin wannan hanya, ba sau ɗaya ba. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka fara haƙar kuza a tsaunukan Jos, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace mahaƙun Malaya a 1942, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga ɗibar dubban talakawa daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a cikin sanyin Filato, inda da yawa suka rasa rayukansu. A wancan lokaci ma an ce duniya ce ke bukata, kuma bukatar ta gaggawa ce. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, kamfanonin da suka rage suka naɗe tabarmarsu. Wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi a yau zai ga abin da suka bari: ɗaruruwan kududdufai masu zurfi da ke cin yara da dabbobi, da tudun yashin da masana suka tabbatar wasunsu suna fitar da tururin da ke cutar da jiki. Kamfanonin da suka haƙa sun daɗe da rushewa, babu wanda za a kama, sai aikin gyara ya faɗa kan gwamnati da asusun kula da muhalli, wato kan dukiyar talakan da aka ɓata wa ƙasa.

Na Zamfara kuwa a gaban idonmu aka yi. Tashin farashin zinariya ne ya sa mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka riƙa kai dutse cikin gidajensu suna niƙawa, ba su san yana ɗauke da dalma ba. A 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta fallasa lamarin, yara aƙalla 400 suka mutu, dubbai suka kamu, kuma garin Bagega sai a 2013 aka samu kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Bayan gubar sai bindiga ta biyo, har Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019, haramcin da ba a ɗage ba sai a Disamban 2024. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar su ma suna da nasu labarin. An fara haƙar yuraniyam a Arlit a 1971, ya haskaka biranen Faransa shekara da shekaru alhali yawancin 'yan Nijar ba su da wutar lantarki, kuma da aka rufe mahaƙar Cominak a 2021 an bar tarin dagwalo mai tururin nukiliya na kimanin tan miliyan 20 a kusa da gari. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai kuma wani abin da ya kamata masu ilimi su fayyace wa jama'a game da kalmar sarrafawa. Yawancin masana'antun da ake buɗewa a Afirka da sunan sarrafa litiyam, aikinsu shi ne niƙa dutse da wanke shi ya zama garin nan mai kashi 5 zuwa 6, sannan a loda shi a jirgin ruwa zuwa Sin. Wannan ya fi fitar da ɗanyen dutse, domin yana samar da aikin yi da haraji. Amma shi ne matakin da ya fi cin ruwa, ya fi barin dagwalo, kuma rabonsa a cikin kuɗin batir kaɗan ne. Tace garin ya zama gishirin batir yana bukatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da iskar gas, da asid, da ƙwararrun masana sinadarai, abubuwan da ƙasar da wutarta ke yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ba za ta samar da su da jawabi ba. Saboda haka idan aka ce an kawo mana masana'anta, tambayar farko da ya kamata kwamishinan muhalli ya yi ita ce: daga wane rafi za ta sha, kuma a ina za ta zubar da dagwalonta?

Wani zai ce ai lokaci na nan, a bari harkar ta kafu tukuna sannan a tsaurara doka. Tarihin farashin litiyam bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. A watan Nuwamban 2022 tan ɗaya na gishirin litiyam ya kusa kai yuwan 600,000 a kasuwar Sin. Kafin ƙarshen 2023 ya faɗo ƙasa da 100,000, a tsakiyar 2025 kuma ya taɓa wajen 60,000, wato faɗuwar kusan kashi 90 cikin 100, har manyan mahaƙu a Ostireliya suka dakatar da aiki. Kasuwa ce mai hawa da sauka, kuma duk ranar da ta sauka, ƙaramin mai haƙa shi ne na farkon gudu ya bar rami a buɗe. Ban da haka, masu saye ba su zauna ba. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 wadda ta wajabta a riƙa ciro kashi 50 cikin 100 na litiyam ɗin tsofaffin batura kafin ƙarshen 2027, ya kai kashi 80 kafin ƙarshen 2031. Kamfanin CATL na Sin, wanda ya fi kowa ƙera batir a duniya, ya fara fitar da batirin da ke aiki da sinadarin da ke cikin gishirin miya a maimakon litiyam. Ba yau ko gobe waɗannan za su kashe kasuwar ba, amma suna nuna cewa ƙarfin cinikin da muke da shi na ɗan lokaci ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin mamaki shi ne ba mu rasa doka ba. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, ta tanadi asusun kare muhalli da gyara shi wanda masu haƙa za su riƙa zuba kuɗi a ciki, ta kuma kafa kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Tun 1992 muke da dokar da ta ce sai an auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Dokar ƙwadago da ta kare haƙƙin yara sun hana sa yaro aikin rami. Inda gizo ke saƙar shi ne, tsarin mulki ya damƙa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, shi kuwa dagaci shi ne ke zaune da mutane. Tsakanin waɗannan ukun kowa yana da wanda zai nuna wa yatsa idan rami ya rufta. Da gwamnonin Arewa da sarakuna suka yi taro a Kaduna a farkon Disamban 2025, sun nemi a dakatar da haƙar ma'adinai na wata shida saboda alaƙarta da matsalar tsaro. Kiran ya nuna sun gane girman abin, amma abin da Zamfara ta koya mana shi ne haramci yakan kori mai lasisi ne, ya bar wa mai bindiga filin.

A ganina, abu guda ne ya kamata ya zama ginshiƙin duk wata manufa a kan litiyam: kuɗin cike rami da tsabtace ruwa ya shiga cikin farashin dutsen tun kafin ya bar ƙauyen da aka haƙo shi. Hanyar yin haka a bayyane take. Na farko, kada a bar kamfani ya sa diga a ƙasa sai ya ajiye kuɗin gyara a asusun da ba zai iya taɓawa ba, gwargwadon faɗin filin da zai ɓata, kuma a buga adadin a jarida, kamar yadda ake yi a Ostireliya da Kanada. Na biyu, a ɗora wa mai saye alhakin asalin kayan: duk masana'anta ko mai fitarwa ya nuna rajistar ramin da kowace mota ta ɗauko, wanda aka kama da dutsen da yara suka fasa ya rasa lasisinsa. Ya fi sauƙi a tsare ƙofar masana'antu goma da a tsare ramuka dubu a daji. Na uku, a haɗa ƙananan masu haƙa cikin ƙungiyoyin gama-kai masu rajista, a ba su fili na halal da wurin sayarwa da sikeli na gaskiya, domin mutumin da ke haƙa da izini shi ne za a iya tilasta wa tokare rami da hana yaro shiga.

Na huɗu, a auna ruwa da ƙasar kowane yanki kafin a fara aiki, a kuma riƙa maimaitawa duk shekara. Muna da sassan nazarin ƙasa da sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jos da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi da Jami'ar Fasaha ta Minna waɗanda za su iya wannan aiki. Idan babu awon farko, ranar da rijiya ta lalace kamfani zai ce haka ya tarar da ita, kuma babu alƙalin da zai iya ƙaryata shi. Na biyar, yarjejeniyar raya al'umma ta daina zama takardar Turanci da ake sa hannu a ɗakin otal tsakanin manaja da mutum uku. A fassara ta da Hausa da harshen mutanen wurin, a karanta ta a ƙofar fada da masallaci da coci, kowa ya san abin da aka yi alkawari da ranar cikawa. A nan ne lauyoyinmu da injiniyoyinmu da likitocinmu da 'yan jarida suke da aikin yi, domin kowannenmu yana da ƙauyen da ya fito.

Na san za a ce irin waɗannan sharuɗɗa za su kori masu zuba jari. Abin da ya faru a maƙwabta bai nuna haka ba. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyam a Disamban 2022, Namibiya ta bi sahu a 2023, kuma kamfanonin Sin ba su gudu ba, sai ma suka gina masana'antu a Bikita da Arcadia. Mali ta sabunta dokar ma'adinanta a 2023 ta ƙara rabon ƙasa, duk da haka aka buɗe mahaƙar Gulamina a Disamban 2024. Chile ta shelanta a 2023 cewa gwamnati za ta riƙe rinjaye a manyan ayyukan litiyam, kuma har yanzu ana saye a wurinta. Mai jarin da zai gudu don an ce ya ajiye kuɗin cike raminsa, dama da niyyar barin ramin ya zo, kuma tafiyarsa riba ce.

Kada kuma mu manta cewa mu ma mun zama masu amfani da batirin. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, batirin litiyam na wutar sola ya shiga gidaje da shaguna da asibitoci, babura da kekunan lantarki sun fara yawa a garuruwanmu. Nan da 'yan shekaru waɗannan batura za su mutu, tsofaffin motocin lantarkin Turai kuma za su fara sauka a tashoshin jiragen ruwanmu kamar yadda na fetur suka saba. Idan ba a shirya wurin tattara su ba, za su ƙare ne a hannun 'yan gwangwan da bola, inda batirin litiyam ke kamawa da wutar da ruwa ba ya saurin kashewa. Ke nan muna iya ɗaukar ɓarnar farko da ta ƙarshe, ribar tsakiya kuma ta tafi wani wuri.

Duniya tana da hujjar neman motar da ba ta hayaƙi, mu ma muna da hujjar sayar da abin da Allah Ya ajiye a ƙasarmu. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ya kwashi dutse, da gwamnatin da ta karɓi haraji, da mai motar da ke alfahari da tsabtar iskar garinsu, duk suna da kaso a cikin ramin da aka bari a Pasali, kuma yanzu ne lokacin rubuta kason kowa, tun mai saye yana sallama a ƙofarmu. Idan muka yi sakaci, jikokinmu za su gaji kududdufai a Nasarawa da Birnin Gwari kamar yadda muka gaji na Bukuru, ba tare da sun san ko sunan kamfanin da ya haƙa su ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace a kan lokaci, Ya sa arzikin ƙasarmu ya zame mana alheri.